Tayin da Usta Yadulla Ya Karɓa

Usta Yadulla mai ɗinkin bargo ne a tsohuwar kasuwar Semnan, a layin da ke bayan maƙeran tagulla. Sana'ar ubansa ce. Yana shiɓar auduga da baka, ya zuba ta cikin yadi, ya shimfiɗa a ƙasa, ya durƙusa a kai da allura har ya fitar da zanen fure ko na tauraro. Akasarin amaren unguwar da bargonsa aka kai su ɗaki, wasu ma har 'ya'yansu.

Abu biyu aka san shi da su. Na farko, ɗinkinsa ba ya warwarewa. Na biyu, kara. A garin da kowa ya iya tayi ya kuma iya ƙin karɓa, Usta Yadulla ya fi kowa. Ba ya riga mutum shiga ƙofa. Maƙwabtansa na kasuwa suna cewa wata rana shi da wani dattijo sun tsaya a ƙofar masallaci, wannan na cewa shiga, wancan na cewa a'a kai dai shiga, har liman ya sallame. Ƙarya ce, amma ba wanda ya taɓa musa ta. In mai saye ya yaba bargo, sai ya ce, "Ɗauka, naka ne." Mai saye kuwa ya san amsar, ya ce Allah ya bar wa mai shi, sannan a shiga ciniki. Ƙa'idarsa ita ce ta kowa, sai dai shi bai taɓa sassauta ta ba: tayin farko na baki ne, na biyu na ladabi, sai an kai na uku an haɗa da rantsuwa ake sanin da gaske ake. Bai taɓa sa loma a gidan wani ba sai an gaji da roƙonsa.

Matarsa Ishrat, 'yar mai gidan burodin unguwarsu, ba ta da wannan hali ko kaɗan. In tana so ta ce tana so. Takan ce da shi, "Wata rana yunwa za ta kashe ka a gaban tukunya, kana jiran tukunyar ta rantse maka."

A shekarar da suka yi aure, maƙwabta suka haɗu suka ɗauki hayar bas don fitar ranar sha uku ga sabuwar shekara, ranar da ba mai zama a gida. Suka tsallaka duwatsu zuwa arewa, cikin gandun dajin gwamnati, suka sauka a bakin kogi. Ishrat ta tashi a bakin hamada, ba ta taɓa ganin ruwa mai gudu haka ba. Ta bar mutane ta bi gaɓa, rungume da farantin tsiron alkamar da kowane gida ke shukawa kafin sabuwar shekara don a jefa shi a ruwa a wannan rana, ya tafi da sharrin shekara. Can ta tarar da wani fili shimfiɗaɗɗe a gindin bishiyar anjili, wadda rassanta biyu suka haɗe suka zama ɗaya, ga kuma wani falalen dutse da ya miƙe cikin ruwa. A kan dutsen ta tsaya ta jefa tsiron. Ta juyo ta ce da mijinta, wanda ya biyo ta, "Nan za mu riƙa zuwa."

Haka kuwa aka yi. Kafin shekara ta zagayo Usta Yadulla ya ɗinka tanti da hannunsa, da zanen tamfol mai kauri, ya yi masa shafi daga ciki da guntayen yadin barguna, ja da kore da ruwan hoda. Tantin ya yi nauyi, sai maza biyu ke ɗaga shi, amma ko ruwan sama ya kwana yana zuba ba ya yoyo. A cikinsa 'yarsu ɗaya tilo, Mahnaz, ta yi rarrafe. A kan falalen dutsen nan ta ƙulla ciyawa tana budurwa, kamar yadda 'yan mata ke yi don neman miji na gari, ba a jima ba kuwa ta auri Kurosh, direban a-kori-kura, mutum mai baki, wanda ya ɗauki surukinsa abokin wasa tun ranar farko.

Da shekaru suka ja, gwamnati ta kewaye wurin, ta sa ƙofa da malamin daji, ta kafa famfo da banɗaki, ta yi filin ajiye motoci a sama kusa da titi. Jama'a suka ƙaru. Ba a kama wuri da suna, wanda ya riga shi ke da shi. Saboda haka Usta Yadulla ya mai da al'adarsa ya riga iyali zuwa da kwana ɗaya, shi da Kurosh da tanti, su kafa a gindin anjili su kwana, mata da yara su biyo da safe.

Ciwon Ishrat ya fara da gishiri. Sai ta zuba a miya sau biyu, ko ta manta gaba ɗaya. Daga nan sunayen jikoki suka tafi, sai hanyar gidan burodi. A ƙarshe ta fara jan mayafi ta rufe kai in mijinta ya shigo ɗaki, tana kiransa bawan Allah, tana tambayarsa ko maigidan yake nema. Usta Yadulla yakan ce e, shi yake nema, zai jira. Ya zauna a bakin ƙofa kamar baƙo.

Amma a fitar bara wani abu ya faru. Da aka zaunar da ita a kan falalen dutsen, ta dubi ruwa ta dubi bishiyar, sai ta waiwayo ta ce, "Yadulla, ɗaure igiyar tantin can da kyau, ka san ita ce ke kwancewa." Ta kira sunansa, ta yi masa faɗa har la'asar, ta tambaye shi ko ya rufe shago. Da suka hau mota suka bar dajin, ya koma bawan Allah.

Bai yi maganar da kowa ba. Sai dai a bana shi da kansa ya jiƙa alkama, ya baza ta a faranti, ya riƙa yayyafa mata ruwa, ya ɗaure ta da jan ƙyalle yadda Ishrat ke yi. Mahnaz ta ga haka ta gane abin da yake jira.

Ranar sha biyu Usta Yadulla da Kurosh suka iso da wuri, suka tarar da gindin anjili ba kowa. Suka sauke tanti suka baje shi, Usta Yadulla ya fara buga turaku. Kurosh ya tafi ƙauyen da ke gaba sayen gawayi da burodi. Kafin ya dawo dajin ya cika. Duk inda ƙasa ta kwanta an kafa tanti, hayaƙi na tashi ko'ina, yara na buga ƙwallo tsakanin itatuwa.

Sai ga wani mutum ya gangaro yana tura tsoho a keken guragu, matarsa na biye da tukwane. Keken na cijewa a saiwoyi. Mutumin ya tsaya yana share gumi, yana duba hagu da dama, ba wuri. Ya yi wa Usta Yadulla sallama, ya ce sunansa Firuz, daga Karaj suke, tsohon kuma mahaifinsa ne.

"Haji, ka dace da wuri," in ji Firuz. Usta Yadulla bai taɓa zuwa Makka ba, furfurarsa ce ke jawo masa sunan.

"Ai naka ne, ranka ya daɗe. Bismilla, ku sauka."

"Haba Haji, Allah ya kiyaye. Yaba wurin kawai na yi."

"Wallahi ku sauka. Dubi tsoho, ina za ka kai keken nan a tudu?"

"Za mu samu a gaba. Kai ka riga, haƙƙinka ne. Na gode, Allah ya saka."

A nan ya kamata maganar ta tsaya. An yi tayi, an ƙi, kowa ya fita kunyar kowa. Firuz har ya juya keken. Amma Usta Yadulla bai taɓa barin wani ya yi maganar ƙarshe a irin wannan ba, kuma sabo turken wawa ne. Bakinsa ya riga tunaninsa. Ya dafa ƙirji ya ce, "Na rantse da ran 'yata guda ɗaya, in kuka wuce ba zan ji daɗin kwana a nan ba." Don ya ƙara wa maganar nauyi ma, ya sunkuya ya tumɓuke turke ɗaya.

Firuz ya dubi matarsa Nasrin, ta dube shi. Mutum ya rantse da ran 'yarsa, ya kuma cire turke. Ƙin karɓa bayan wannan cin fuska ne. Firuz ya rungume shi ya sumbace shi a kumatu, ya yi ta sa masa albarka, sannan ya taya shi cire sauran turakun.

Kurosh ya dawo da buhun gawayi a kafaɗa ya tarar da wani tantin leda mai ruwan lemo a gindin anjili, surukinsa kuma zaune a kan nasu a naɗe, a gefen hanya.

"Baba, sun kore ka ne?"

"Ba wanda ya kore ni."

"To sayarwa ka yi?"

"Tayi na yi."

"Sau nawa?"

Usta Yadulla ya kama gyara igiyar tantin.

"Ka rantse ke nan. Da wa? Da matata, ko?" Kurosh ya ajiye buhun. "Ni dai Allah ya taimake ni ban bar maka makullin mota ba. Da yanzu a ƙafa za mu koma Semnan."

Wurin da suka samu a sama yake, tsakanin filin motoci da banɗaki, ƙasar a karkace. Daga can ba a ganin kogin, sai dai a ji ƙararsa in motoci sun yi shiru. Nan suka kafa tantin suka kwana.

Da hantsi Mahnaz ta iso da uwarta da yara. Ishrat na kujerar baya, farantin tsiro a cinyarta, ta riƙe shi da hannu biyu. Aka buɗe mata ƙofa, ta leƙa ta ga motoci da famfo da layin masu jiran banɗaki, ta koma ta jingina.

"Ba mu iso ba," ta ce.

"Mun iso, Mama. Ga tantinmu nan."

"Wannan tasha ce. Ki ce da direba ya ja mu tafi, rana na yi."

Usta Yadulla ya matso ya miƙa mata hannu. Ta ja mayafi ta kau da kai, ta ce bawan Allah ya yi haƙuri, mijinta na jiranta a bakin ruwa.

Mahnaz ta ja ubanta gefe. Kurosh ya riga ya ba ta labari.

"Baba, je ka faɗa masa gaskiya. Mutum ne, zai gane."

"In ce masa me? Rantsuwar da na yi jiya ta ƙarya ce? Magana zarar bunu ce, 'yar nan."

"Ai da raina ka rantse. Na yafe, ga ni nan da raina."

"Yana da tsoho a keke."

"Mu kuma me muke da shi a mota? To ni zan je."

"Ba inda za ki."

"Mu kai ta bakin dutsen kawai, ta jefa mu dawo."

Wannan ma bai yiwu a wurinsa ba. Hanyar dutsen ta tsakiyar shimfiɗar mutanen ta bi, ga matarsu ga tukwanensu. Ba a ratsa iyalin mutum ba gayya, kuma duk wanda ya ga wanda ya ba da wuri jiya ya dawo yana shawagi a kai yau, ya san abin da ake nufi.

Haka aka zauna. Mahnaz ta ɗora miyar taliya da ganye a kan risho, Kurosh ya hura gawayi ya jera kaji a tsinke, yaran suka gangara ruwa abinsu. Ishrat na cikin mota, gilas a sauke, lokaci lokaci tana tambaya ko an kusa. Inuwa ta fara gajarta. Bayan azahar mutane za su fara jefa tsiro, kafin la'asar a naɗe tantuna a bi layin motoci a koma.

Usta Yadulla ya ɗauki kwandon latas ya ce zai je ya wanke a kogi, ko da yake ga famfo nan a gabansa. Kurosh ya buɗe baki zai yi magana, Mahnaz ta taka masa ƙafa.

Ya gangara a hankali, ya bi ta gefe, ya tsuguna ƙasa da dutsen yana wanke ganyen ɗaya bayan ɗaya. A gindin anjili Nasrin ta shimfiɗa ledar cin abinci, ta kife tukunyar shinkafa a tire, ƙanzon ya fito ja. Su uku ne, abincin ma na mutum uku ne da ɗan ƙari. Firuz ya hango shi ya miƙe.

"Haji! Bismilla, zo mu ci. Kai da iyali duka, ku zo."

Tayin farko ne, na baki, irin wanda ake yi wa duk mai wucewa. Firuz har ya fara komawa zai zauna, don ya san amsar da za ta biyo.

Usta Yadulla ya miƙe da kwandon yana ɗiga. 

"To," ya ce. "Bari in kira su."

Firuz ya tsaya rabi a zaune rabi a tsaye. Nasrin ta dubi tukunyarta.

Da ya hau ya faɗa musu, Kurosh ya ce, "Sau nawa ya roƙe ka?"

"Sau ɗaya."

"Mahnaz, taɓa goshin Baba."

Usta Yadulla ya ce, "Ɗauko tukunyar miya ka rufe mini baki. Da kajin, da burodin, da tulun shayi. Kada ku bar komai."

Mahnaz ta ce da uwarta an iso, saura 'yar tafiya a ƙafa, sai ta yarda ta sauko. Aka gangara a jere, Kurosh a gaba da tukunya, yara da tsinkunan nama, Mahnaz riƙe da gwiwar hannun uwarta, Usta Yadulla a baya da darduma a kafaɗa, kansa a ƙasa. Maƙwabtan tantuna suna kallo. Firuz ya tarye su da maraba mai yawa, irin ta wanda bai san abin da ya same shi ba.

Ishrat ba ta gaida kowa ba. Ta tsaya ta ɗaga kai ta dubi inda rassan nan biyu suka haɗe, sannan ta saki hannun 'yarta ta wuce kai tsaye zuwa dutsen, ta ajiye farantin a inda ta saba ajiye shi. Ta dawo ta dubi tantin leda.

"Wa ya kafa wannan abin a wurin tantinmu?" Ta juya wurin Nasrin. "Ke kuma 'yar nan, wa ya koya miki shinkafa? Kin cika mata ruwa. Matsa in gani."

Nasrin ta matsa. Mahnaz ta sunkuya ta yi mata magana a kunne, ita kuma ta je ta yi wa mijinta. Firuz ya saurara har ta gama, fuskarsa ta yi ja. Ya zo ya tsaya a gaban Usta Yadulla.

"Haji, wannan ai zalunci ne. Ka mai da ni ɓarawon wuri ban sani ba. Me ya hana ka faɗa tun jiya?"

"Wurinka ne, ranka ya daɗe."

"Kada ka sake farawa," in ji Kurosh. "Malam Firuz, in ka biye masa sai ya ba ka motata."

Aka haɗa ledoji biyu, aka zuba abincin gida biyu, ya ishi kowa har ya yi saura. Aka turo tsohon Firuz kusa. Ishrat ce ke rabo, ta ɗauki wurin kamar ita ta gayyaci kowa. Usta Yadulla ya zauna a can ƙarshe. Ta zuba wa kowa, ta zo kansa ta tsaya tana dubansa, ta gyara mayafi.

"Wannan bawan Allah fa, wa ya kawo shi?"

"Ni na yi masa tayi, Hajiya," in ji Firuz.

"Shi kuma ya zauna?" Ta girgiza kai. "Ya so ya yi kama da maigidana. Amma shi yana da kunya. Ya gwammace ya mutu da yunwa da ya zauna haka."

Ba wanda ya yi dariya, har Kurosh. Usta Yadulla ya karɓi kwanonsa ya ci abin da ya iya.

Da aka gama, ƙanzo ya rage guda ɗaya a tire, babba, daga tsakiyar tukunya. Ishrat ta ɗauka ta duba wanda za ta ba, ta ga baƙon bai samu ba, ta miƙa masa.

"Ungo."

"Na ƙoshi, Allah ya saka. A ba yara." Bai yi tunani ba, bakinsa ne ya faɗa.

"Yara sun ci. Karɓi."

"Wallahi na ƙoshi. A ba dattijo, shi ne babba."

"Ba shi da haƙori."

"To ke ki ci, ke kika sha aiki."

Ishrat ta sauke hannun. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Mayafin ya zame daga kanta ba ta gyara ba.

"Kai dai Yadulla, har ka mutu ba za ka canza ba. Sai na rantse maka a kan ƙanzo? Karɓi ka ci, mutane na kallo."

Ya karɓa ya ci.

"Ina tantin?" ta ce. "Kada ka ce mini ka ba wani."

"Yana sama."

"Me yake yi a sama?"

Firuz da Kurosh suka hau suka kwance shi, suka sauko da shi suna nishi, suka kafa shi gefen na leda duk da saura kaɗan a tashi. Ishrat ta tsaya a kansu, ta nuna igiyar da ke kwancewa, Usta Yadulla ya ɗaure ta sau biyu. Bayan azahar ta hau dutsen, shi yana riƙe da gefen rigarta ta baya, ta kwance jan ƙyallen ta ba shi, ta jefa tsiron. Ruwa ya juya shi ya tafi da shi. Ta tambaye shi ko ya rufe shago, ya ce ya rufe. Ta yi ta yi masa faɗa a kan abubuwa iri iri har aka fara naɗe kaya.

A mota, kafin su kai ƙofar daji, ta ja mayafinta ta rufe kai.

Ishrat ta rasu a cikin sanyin shekarar. Usta Yadulla ya rage aiki, ya daina shiɓa saboda ƙirji, amma yana buɗe shago, yana karɓar ɗinki kaɗan. Da sabuwar shekara ta zo ya shuka alkama, ranar sha biyu shi da Kurosh suka ɗora tanti suka tafi. Suka tarar da Firuz ya riga su, ya kewaye gindin anjili da igiya, bai kafa komai ba, yana zaune a kan buhu yana jira. Ya ce wurin Haji ne. Usta Yadulla ya ce a'a, wanda ya riga shi ke da shi. Firuz ya rantse, shi ma ya rantse. Kurosh ya bar su tsaye, ya tafi sayen gawayi.